Rosalind Franklin: Masaniyar Da Ta Ɗauki Hoton Sirrin Gado, Ciwon Daji Ya Katse Mata Hanzari

Ran 17 ga watan Afrilu na shekarar 1958 aka buɗe babban bikin baje kolin duniya a Brussels, babban birnin ƙasar Beljiyam. Cikin abubuwan da aka jera wa 'yan kallo a zauren kimiyya har da wani samfuri mai tsawon ƙafa 5, wanda ke nuna yadda ƙirar ƙwayar cutar da ke lalata ganyen taba take. Sai dai kuma matar da ta shugabanci aikin gano wannan ƙira ba ta ga ranar ba. Ta rasu ana jajiberin buɗe bikin, a asibitin Royal Marsden da ke birnin Landan, tana da shekaru 37 da haihuwa. A ranar da jama'a suka fara tururuwa suna kallon aikinta, a ranar ce aka binne ta.

Sunan wannan mata Rosalind Franklin. Abin da ya yi ajalinta shi ne ciwon daji na ma'ajiyar ƙwan haihuwa, wanda ya bazu zuwa wasu sassan cikinta. Likitoci sun yi mata tiyata, sun yi mata gashi da sabuwar na'ura ta wancan zamani, sun kuma gwada sababbin magunguna, amma duk abin ya faskara. Ita kuwa ta shafe fiye da shekaru 10 tana aiki da hasken eksire, wato ɗan'uwan hasken da aka gasa ta da shi. Kuma sinadarin gado na DNA da ta ɗauki hotonsa, shi ne ainihin abin da gashi ke nema ya karya a cikin ƙwayoyin daji.

Asali da karatu

An haifi Rosalind Elsie Franklin ran 25 ga watan Yuli na shekarar 1920 a unguwar Notting Hill ta birnin Landan, a wani gida na Yahudawan Birtaniya masu wadata. Mahaifinta, Ellis Franklin, ma'aikacin banki ne, wanda kuma kan koyar da ma'aikata darussa da dare a wata kwaleji. Ita ce ta biyu cikin 'ya'ya 5. Danginta sun yi fice a harkar mulki, domin kuwa kakanta na wajen uba ta gefen 'yan'uwantaka, Herbert Samuel, ya taɓa riƙe muƙamin sakataren harkokin cikin gida na Birtaniya, kana ya zama babban kwamishinan Birtaniya na farko a Falasɗinu. Lokacin da 'yan Nazi suka matsa wa Yahudawa a Jamus, iyayenta sun shiga aikin karɓar 'yan gudun hijira, har suka riƙe yara a gidansu.

Tun tana ƙarama aka ga alamar kaifin basirarta a fannin lissafi. Ta yi karatu a makarantar 'yan mata ta St Paul, ɗaya daga cikin 'yan makarantun da ke koya wa mata kimiyya sosai a lokacin. A 1938 ta shiga Kwalejin Newnham ta Jami'ar Kambirij, ta kammala a 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. A wancan lokaci jami'ar ba ta ba mata cikakken digiri irin na maza, sai bayan yaƙin ne aka sauya wannan doka.

A 1942 ta kama aiki a cibiyar binciken amfani da kwal ta Birtaniya. Ƙasar na cikin yaƙi, kwal kuwa shi ne makamashin masana'antu da jiragen ƙasa. Rosalind ta duƙufa kan nazarin 'yan mitsi-mitsin ramukan da ke jikin kwal, da yadda iska da ruwa ke ratsa su. Binciken ya taimaka wajen rarrabe nau'o'in kwal da sanin amfanin kowanne, har da wanda ya dace da takunkumin kare sojoji daga iska mai guba. Da dare kuma takan yi aikin sa kai na sintiri idan jiragen Jamus sun kawo hari. Da wannan bincike ta sami digirin dakta daga Kambirij a 1945.

Shekarun Faransa

A farkon 1947 ta koma birnin Paris, inda ta yi aiki a wani ɗakin bincike na gwamnatin Faransa ƙarƙashin Jacques Mering. A nan ta ƙware a fasahar da ta zama sana'arta har ƙarshen rayuwa. Ita wannan fasaha ta bambanta da hoton ƙirji ko na ƙashi da ake ɗauka a asibiti. Akan harba siririn hasken eksire ne kan ɗan ƙanƙanin abin da ake son a bincika. Idan hasken ya bugi ƙwayoyin zarra da ke ciki sai ya watsu, ya bar ɗige-ɗige a kan fim. Daga wuraren da ɗigon suka faɗa, da kuma duhunsu, mai bincike zai zauna ya yi lissafi har ya gano yadda ƙwayoyin zarrar suke a jere. A zamanin babu kwamfuta a kan teburin kowa, saboda haka lissafin kan ci makonni ko watanni.

Rosalind ta ji daɗin zaman Faransa matuƙa. Ta iya Faransanci kamar 'yar ƙasa, ta kuma riƙa hawan duwatsun Alps lokacin hutu. Binciken da ta yi a can kan nau'o'in gawayi ya sa sunanta ya fara fita tsakanin masana tun kafin ta cika shekaru 30.

Hoto na 51

A watan Janairu na 1951 ta koma Landan, ta shiga sashen da John Randall ke shugabanta a Kwalejin King's. Aikin da aka ba ta shi ne nazarin DNA, sinadarin da ke cikin ƙwayoyin jikin kowane mai rai, wanda ke ɗauke da bayanin abin da ɗa ke gada daga iyayensa. A lokacin masana sun fara yarda cewa a nan sirrin gado yake, amma babu wanda ya san siffarsa.

Tun daga farko aka sami rashin fahimta. Randall ya rubuta mata wasiƙa yana nuna cewa ita da wani ɗalibi, Raymond Gosling, su ne za su riƙe aikin hoton DNA. Shi kuwa Maurice Wilkins, wanda ya riga ya fara aikin, bai ga wasiƙar ba, ya ɗauka an kawo ta ne su yi aiki tare. Ga shi halinsu bai zo ɗaya ba. Ita mai faɗin magana ce kai tsaye, tana son muhawara, shi kuwa mutum ne mai kunya da kawaici. Ba a jima ba sai da ta kai da ƙyar suke magana da juna.

Duk da haka aikinta ya yi nisa. Ta tsara hanyar daidaita danshin da ke kewaye da zaren DNA, ta haka ta gano cewa sinadarin na da kama biyu, ɗaya idan ya bushe, ɗaya idan ya sha ruwa. Ta kuma nuna cewa ƙashin bayan sinadarin a waje yake, saɓanin yadda wasu suka zata. A ƙarshen 1951, lokacin da James Watson da Francis Crick na Kambirij suka nuna samfurinsu na farko, ita ce ta fito da kurakuransa, har aka umarce su da su dakatar da aikin.

A watan Mayu na 1952, Gosling ya ɗauki wani hoto ƙarƙashin kulawarta, bayan an bar hasken yana dukan zaren fiye da kwana biyu. Shi ne aka sani da Hoto na 51. Ɗigon da ke cikinsa sun fito a gicciye, alamar da ke nuna wa masani cewa sinadarin a murɗe yake kamar tufkar igiya. A ƙarshen watan Janairu na 1953 Wilkins ya nuna wa Watson hoton ba da saninta ba. Ba da daɗewa ba kuma Max Perutz ya ba Crick wani rahoto mai ɗauke da ma'aunin da ta yi. Cikin 'yan makonni Watson da Crick suka kammala samfurinsu, wanda ya nuna DNA a matsayin zare biyu da suka naɗe juna, kamar tsanin da aka murɗe. Ran 25 ga watan Afrilu na 1953 mujallar Nature ta buga maƙaloli uku a jere, ta Watson da Crick a gaba, ta Wilkins da abokansa, sannan ta Franklin da Gosling. Littattafan aikinta, waɗanda aka bincika bayan rasuwarta, sun nuna cewa ita ma ta riga ta kai ga fahimtar cewa zare biyu ne.

Kafin a buga maƙalolin ta riga ta bar King's. A watan Maris na 1953 ta koma Kwalejin Birkbeck wajen J. D. Bernal, inda aka ba ta ɗaki a can saman wani tsohon gida. A nan ta kafa rukuninta, wanda ya haɗa da Aaron Klug, da John Finch, da Kenneth Holmes. Suka sa ƙwayar cutar ganyen taba a gaba, wadda ita ce ƙwayar bairos ta farko da masana suka taɓa ganowa, kuma takan kama tumatir da barkono. Ta nuna cewa ƙwayoyin duk tsawonsu ɗaya ne. Ita da Ba'amurke Donald Caspar kuma suka tabbatar cewa ƙwayar kamar bututu take, sinadarin gadonta yana naɗe cikin jikin bangon. A waɗannan shekaru ta ƙulla abota da Crick da matarsa Odile.

Yadda ciwon ya ɓullo

A tsakiyar 1956 ta kai ziyarar aiki Amurka, ta zagaya jami'o'i, ta kuma hau duwatsu a jihar Kalifoniya. A can ta fara jin ciwon ciki mai tsanani. Da ta isa New York a hanyarta ta komawa gida, sai ta lura cikinta ya kumbura har siket ɗinta ya ƙi rufuwa. Tana isa Landan ta ga likita, aka ce a gaggauta bincike. Ran 4 ga watan Satumba na 1956 aka yi mata tiyata, aka tarar da ƙari biyu a cikinta. Daga baya aka sake yi mata wata, aka cire mahaifa.

Ita dai ma'ajiyar ƙwan haihuwa guda biyu ce, ɗaya a dama ɗaya a hagu da mahaifa, kowace ba ta wuce girman dabino ba. Da yake a can cikin mara suke, kuma akwai fili a kewaye da su, ƙari kan girma ba tare da an ji shi ba. Alamun farko kuwa irin waɗanda kowa ke rainawa ne, kamar kumburin ciki da ba ya saɓewa, saurin ƙoshi, ciwon mara ko ƙugu, da yawan fitsari. Shi ya sa har a yau akasarin matan da ke da cutar ba a gano ta sai ta riga ta bazu. Binciken da aka yi a shekarun baya-bayan nan ya kuma nuna cewa nau'in da ya fi yawa sau da dama yakan faro ne daga bakin bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa.

Yadda cutar ke bazuwa shi ne babbar matsala. Ƙwayoyin daji kan zube daga jikin ƙarin, su bi ruwan da ke cikin ciki, su manne a kan tantanin da ya lulluɓe kayan ciki, da kitsen da ke rufe hanji, da bayan hanta, har zuwa ƙarƙashin huhu. Kowace ta tsiro a inda ta sauka. Sau da yawa ciki kan tara ruwa, wani lokaci hanji ya toshe. Daga nan cutar na iya kaiwa ga ƙullutun kaluluwa, da huhu, da cikin hanta, nadiran kuma ƙashi ko ƙwaƙwalwa.

Bayan tiyata Rosalind ta yi jinya a gidajen dangi da abokai, har da gidan su Crick a Kambirij, sannan ta koma bakin aiki. To amma a 1957 ciwon ya dawo. A wannan karon ne likitoci suka yi mata gashi da na'urar kobal.

Abin da gashi ke iya yi

Amfani da haske mai ratsa jiki wajen maganin daji ya faro ne jim kaɗan bayan Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire a 1895, da kuma gano sinadarin radiyom da Marie Curie da mijinta Pierre suka yi a 1898. Sai dai injinan farko ba su da ƙarfin isa can cikin jiki, sukan ƙona fata kafin su kai ga ƙarin. A 1951 aka fara amfani da na'urar kobal a ƙasar Kanada. A cikin kanta akwai ɗan guntun ƙarfen kobal mai fitar da haske da kansa, wanda ƙarfinsa ke raguwa da rabi duk bayan shekaru 5 da 'yan watanni. Haskensa na ratsawa da zurfi, bai kuma cika ɓata fata ba. Lokacin da aka sa Rosalind ƙarƙashin irin wannan na'ura, sabon abu ce da ake alfahari da ita. Har yanzu akwai asibitoci da dama a Afirka da Asiya da ke amfani da ita, saboda ta fi na zamani sauƙin kulawa.

Yadda gashi ke aiki kuwa shi ne, hasken yakan tsinka zaren DNA na ƙwayoyin da ya ratsa. Idan zare ɗaya ya tsinke, ƙwayar na iya gyara shi ta hanyar kwafo bayani daga ɗayan. Idan kuwa duka biyun suka tsinke a wuri guda, gyaran kan yi wuya, ƙwayar kuma takan mutu lokacin da ta zo rabuwa biyu. Ƙwayoyin daji sun fi na lafiya saurin rabuwa, kuma galibi ba su kai su iya gyara ba. Wannan ne ya sa ake raba gashi kashi-kashi, ana yin kaɗan kullum har tsawon makonni, domin a ba lafiyayyen nama damar farfaɗowa tsakanin zama da zama. Wato ke nan, siffar zare biyu da Hoto na 51 ya taimaka aka gano, ita ce daga baya ta bayyana wa likitoci dalilin da ya sa maganin nasu ke ci.

Amma gashi magani ne na wuri guda, inda aka saita hasken nan kaɗai yake aiki. Yana warkar da dajin da ya tsaya a waje ɗaya, kamar na bakin mahaifa ko na maƙogwaro idan an gano su da wuri. Shi kuwa dajin ma'ajiyar ƙwai da ya bazu, tamkar ƙuduji ne da ya watsu a gonar dawa, ba a iya cinna masa wuta ba tare da an haɗa da amfanin gonar ba. Ƙoda da hanta da ƙananan hanji da ɓargo duk suna da iyakar hasken da za su iya ɗauka, kuma iyakar ba ta kai abin da ake bukata don kashe babban ƙari ba. A shekarun 1970 likitoci a birnin Toronto, ƙarƙashin Alon Dembo, sun nuna cewa gasa ciki gaba ɗaya na taimakon wasu mata, amma waɗanda tiyata ta kwashe musu kusan dukkan ƙarin. Hanyar na tattare da tashin zuciya, da zawo, da kasala, wasu kuma hanjinsu kan toshe daga baya. Da aka sami magunguna masu bin jini su isa ko'ina, sai aka yi ta barin ta.

A yau jigon maganin wannan cuta shi ne tiyata ta kwashe duk ƙarin da ido ke gani, tare da magungunan da ake ɗurawa ta jijiya. Sai dai gashi bai rasa gurbinsa ba. Ana amfani da shi wajen tsayar da zubar jini, da rage zafin ciwo idan cutar ta taɓa ƙashi, da magance ƙarin da ya isa ƙwaƙwalwa, ko wanda ya danne wata jijiya ko hanyar fitsari. Galibi 'yan kwanaki ake yi, wani lokaci ma zama ɗaya ya wadatar. Na'urorin zamani kuma na iya tattara haske mai ƙarfi a kan ɗan ƙaramin wuri, saboda haka idan cutar ta dawo a wurare ƙalilan, ana iya ƙone su ɗaya bayan ɗaya cikin zama 3 zuwa 5. Hakan kan ba marar lafiya hutu daga magungunan jijiya, ko da yake ba kasafai yake raba ta da cutar baki ɗaya ba.

Watannin ƙarshe

Jinya ba ta hana Rosalind aiki ba. Rukuninta ya buga maƙaloli 7 a 1956, da wasu 6 a 1957. A shekarar ce ma ta sami tallafin kuɗi daga cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, ta kuma fara nazarin ƙwayar cutar shan inna, a daidai lokacin da cutar ke firgita iyaye a Turai da Amurka. A ƙarshen 1957 jiki ya sake rikicewa, aka kwantar da ita a Royal Marsden, inda aka gwada mata sababbin magunguna. Ran 2 ga watan Disamba ta rubuta wasiyya, ta bar wa Aaron Klug kaso mai tsoka domin ya samu ya ci gaba da bincike. A watan Janairu na 1958 ta sake komawa ɗakin bincike, duk da cewa hawan matakalar ginin ya zame mata jan aiki. A ƙarshen watan Maris ta kwanta kwanciyar da ba ta tashi ba. Ta rasu ran 16 ga watan Afrilu. Takardar shaidar mutuwarta ta ambaci ciwon huhu, da dajin da ya bazu, da dajin ma'ajiyar ƙwai.

An daɗe ana tambaya ko hasken eksire ne ya jawo mata cutar. Waɗanda suka yi aiki a irin waɗannan ɗakuna sun ba da labarin cewa a zamanin ba a cika damuwa da sa rigar darma mai kare jiki ba. Amma babu wata hujja da ta tabbatar da wannan zato. Akwai kuma batun gado. A 1994 da 1995 aka gano wasu sassa biyu na DNA, BRCA1 da BRCA2, waɗanda aikinsu shi ne gyara zaren idan ya tsinke duka biyu. Macen da ta gaji na farkon a lalace, haɗarin kamuwarta da wannan daji kan kai kusan 4 cikin 10, alhali ga sauran mata bai wuce 1 zuwa 2 cikin 100 ba. Tsakanin Yahudawan da asalinsu ya fito daga tsakiya da gabashin Turai, kimanin mutum 1 cikin 40 na ɗauke da irin wannan lahani, kuma wasu daga dangin Rosalind ma daji ne ya kashe su.

Bayan rasuwarta

A 1962 aka ba Watson da Crick da Wilkins lambar yabo ta Nobel. Ba a gabatar da sunan wanda ya riga ya rasu, ba a kuma raba lamba ɗaya ga fiye da mutum 3. A 1968 Watson ya fitar da littafinsa mai suna The Double Helix, inda ya siffanta ta a matsayin mace mai taurin kai wadda ba ta gane abin da ke hannunta ba. Wannan ya fusata waɗanda suka san ta. Ƙawarta Anne Sayre ta mayar da martani da littafi a 1975, Brenda Maddox kuma ta rubuta cikakken tarihinta a 2002. Tun daga nan mutane da yawa ke kallon labarinta a matsayin na kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai dai a 2023 wasu masana tarihin kimiyya biyu, Matthew Cobb da Nathaniel Comfort, bayan sun binciki tsofaffin takardu, sun ce ya fi dacewa a ɗauke ta a matsayin ɗaya daga cikin mutane huɗu da suka warware matsalar kafaɗa da kafaɗa. Klug da Finch sun kammala aikin shan inna suka buga shi a 1959, Klug kuma ya sami lambar Nobel a 1982. An sa wa wata jami'a a Amurka sunanta a 2004, hukumar binciken sararin samaniya ta Turai ma ta raɗa wa motar da ta ƙera don duniyar Mars sunanta a 2019.

Magungunan da ba ta riska ba kuwa, da yawansu a kan DNA suke aiki. Cisplatin, wanda aka amince da shi a Amurka a 1978, yana ɗaure zaren ne ya hana ƙwayar daji rabuwa. Ƙanensa carboplatin, wanda ya fi shi sauƙi a jiki, an samar da shi ne a Cibiyar Binciken Daji ta Landan, aka kuma gwada shi a Royal Marsden, asibitin da ta cika a ciki. A 1992 aka ƙara da paclitaxel, wanda aka fara samu daga ɓawon wata bishiya. A 2014 kuma aka amince da olaparib, wanda ke toshe wa ƙwayar daji mai lalataccen BRCA sauran hanyar gyaran da ta rage mata.

Duk da wannan ci gaba, cutar ba ta daina kisa ba. Ƙididdigar hukumar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a 2022 mata fiye da 320,000 ne suka kamu da ita, fiye da 200,000 kuma suka mutu. Idan an gano ta tun tana wuri guda, kimanin mata 9 cikin 10 kan wuce shekaru 5 a raye. Idan kuwa ta yi nisa, waɗanda ke kaiwa haka ba su cika 1 cikin 3 ba. Har yanzu babu gwajin da ya tabbata yana kama ta da wuri tsakanin mata masu lafiya, gwajin bakin mahaifa ma ba ya gano ta. Saboda haka likitoci ke jan hankalin duk macen da cikinta ya kumbura ya ƙi saɓewa har makonni, ko take ƙoshi da ɗan abinci kaɗan, musamman in ta haura shekaru 50 ko akwai dajin mama ko na ma'ajiyar ƙwai a danginta, da ta je asibiti a duba ta. Ranar 8 ga watan Mayu na kowace shekara aka keɓe domin wayar da kai game da cutar.

An binne Rosalind Franklin a maƙabartar Yahudawa ta Willesden da ke arewa maso yammacin Landan. Rubutun da danginta suka sa a kan dutsen kabarinta ya kira ta masaniyar kimiyya, ya kuma yaba da amfanin binciken da ta yi kan ƙwayoyin bairos. Bai ambaci DNA ba ko sau ɗaya.